Saiwa Uku a Hor Al Anz

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Hor Al Anz ta Dubai tsakanin 2003 da 2007 ya san Rabiou mai fure. Wanda bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don mutum ne da ko "ina kwana" ya ce maka sai ka duba ko ka taka masa wani abu. Dogo ne siriri, da jijiyoyi raɗa-raɗa a wuya, tafin hannunsa kuwa duk kanta. 'Yan ɗakinsu suna kiransa Barkono a bayan idonsa, wani lokacin ma a gaban idonsa. Shi kuma ya ce ba shi da zafin rai ko kaɗan, garin ne ba shi da hankali.

Mutumin Mirya ne, gabas da Damagaram. A garkar ubansa ya buɗe ido, cikin albasa da rake da dabino, tun bai iya ɗaure wando ba ya iya jan ruwa zuwa fangali. Ya yi lakwal, wato boko, ya wuce makarantar aikin gona, ya fito da takarda a hannu da Faransanci a baki. Shekara shida yana kula da lambun wata ƙungiyar Turawa a Yamai, har ranar da suka naɗe tabarmarsu suka koma inda suka fito. Lokacin bai daɗe da auren Hannatou ba, 'yar Alhaji Shu'aibu, manomin da babu wanda bai sani ba a Mirya. Wata tara ya yi a zaune, yana ganin irin kallon da ake yi wa mai takarda da ba shi da aiki. Da wani dillalin biza ya ce masa Dubai tana neman masu ilimin shuka ruwa a jallo, bai tsaya shawara da kowa ba. Ya sauka da takardarsa cikin leda biyu don kada ta yi datti.

Har ya bar ƙasar babu wanda ya ce ya nuna takardar nan. Koriyar riga aka ba shi da ƙaramin cebur, aka loda shi a bayan mota da 'yan Pakistan da 'yan Bangaladash, aka sauke su a tsakiyar titi. Aikin ke nan. In sanyi ya kusa, mota ta kawo furanni dubbai a 'yan robobi, sun riga sun buɗe, a jera su a shataletale, ja da fari da ruwan hoda. In zafi ya ƙarato, a tumɓuke su gaba ɗaya, masu rai da matattu, a watsa a tifa. Shugaban leburori, wani mai tumbi da ba ya fitowa daga inuwar mota, kalma biyu kawai ya sani: yalla da khalas, wato "maza" da "an gama".

Wannan abu ya ci wa Rabiou rai, kuma bai ɓoye ba. "Wannan ba shuka ba ce, haya ce!" Haka yake faɗa kullum in sun dawo ɗaki, yana wurgi da takalma. "A garinmu mutum yana dasa dabino saboda jikan da ba a haifa ba. Nan kuwa a sa ka dasa abu da hannunka, ka ba shi ruwa wata biyar, yana cikin ganiyarsa a ce tumɓuke. Wallahi ko akuya ta fi su tausayin ganye." Ɗantani, wani Bakano mai aikin kago, wato aika kayan 'yan kasuwa gida, a Al Buteen, wanda gadonsa ke ƙarƙashin na Rabiou, shi ne mai hura wutar. Da ma tsakanin Bakano da Badamagare ba a rasa tsokana. "To Malam Barkono," in ji shi, "ka kai ƙara wajen furannin mana, wataƙila su yi zanga-zanga."

Amma ba furen titi ne ainihin abin da ke cin sa ba. Hannatou ce. Albashin lebura bai kai a ba shi izinin kawo iyali ba, ɗakin da ƙarti shida ke kwana a gadaje masu hawa biyu kuma ba wurin mace ba ne. Sau ɗaya ya je gida cikin shekara uku, ya yi kwana arba'in ya dawo. Aure ya doshi shekara biyar babu haihuwa, matan unguwa kuwa ba ruwansu da nisan Dubai, baki kawai suke sawa. Hannatou ba ta da yawan magana. In ya kira ta ranar Juma'a sai ta ce lafiya lau, komai lafiya lau, sai can ƙarshe ta ce, "Baba yana tambaya." Ya san abin da Baba yake tambaya.

A ƙarshen 2005 kamfanin da ya ɗauke shi aiki ya fara tura shi wani gida a Jumeirah sau biyu a mako, yankan ciyawa. Matar gidan Bafaranshiya ce, Madam Odile, mijinta ɗan ƙasa ne mai hali. Wata safiya ya iske ta tsaye a kan wasu tukwane uku tana faɗa wa wani ma'aikaci ya ƙara ruwa. Rabiou ya leƙa. Ya ga ƙasar ta jiƙe sharkaf, ya ga tsiron ya fara rawaya, bai san lokacin da bakinsa ya suɓuce da Faransanci ba: "Madam, kashe shi kike yi. Nutsewa yake." Da a wani gidan ne lebura ya faɗi haka, da ranar ya tattara nasa ya nasa. Ita kuwa ta juyo ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ya maimaita.

Shukar, kilematit ake ce mata, amma ba irin mai hawa bango ba, irin mai tsayawa da kanta ce, tsawonta bai wuce ƙugu ba. Rabiou a littafi kawai ya taɓa ganinta, a makaranta. Saiwa uku Madam ta haƙo daga lambun mahaifiyarta a ƙasarsu, makon da aka binne tsohuwar, kafin a sayar da gidan. Ba irin furen titi ba ce mai shekara ɗaya. In lokacinta ya yi, sai ganyen ya bushe, karan ya mutu har ƙasa, ka rantse ta tafi, alhali ranta yana can cikin saiwa yana jira. In yanayi ya gyaru ta sake tohowa a wuri guda, shekara da shekaru. Sharaɗinta ɗaya ne, kanta a rana, ƙafarta a inuwa mai sanyi. To inda za a samo wa saiwa sanyi a Dubai, nan ne gizo ke saƙa.

Rabiou ya karɓi tukwanen nan hannu bibbiyu. Ya zubar da ƙasar, ya haɗa wata da yashi da ruɓaɓɓen ganye, ya hana su ruwan famfo mai gishiri-gishiri, ya rufe gindinsu da fasassun kasko. A watan Maris na 2006 suka yi fure. Shuɗi ne mai duhu irin na marina, kowanne da leɓe huɗu, ya sunkuyar da kai ƙasa kamar 'yar ƙararrawa. Madam ta tsuguna a gabansu ta yi ta kuka ba kunya, a gaban lebura. Rabiou ya kau da kai ya yi kamar yana duba tiyo.

Ranar ta yi masa maganar. Ita da iyalinta za su tafi Faransa farkon Yuni, sai tsakiyar Satumba. Gidan za a rufe, lambun kuwa in zafi ya kankama tanda ne. In ya riƙe mata saiwar nan uku da rai har ta dawo, mijinta zai karɓo shi daga hannun kamfani ya zama mai lambun gidan. Akwai ɗaki da bayi a bayan gareji. Tana kuma neman mace mai jin Faransanci da za ta taya ta aikin gida, Hannatou kuwa ta yi lakwal har aji shida. "Ka kawo mini su da rai, ka kawo matarka," in ji Madam. Ya ce, "Na karɓi amana," da Hausa, sannan ya tuna ya fassara mata.

Haka tukwane uku suka hau tasi zuwa Hor Al Anz. Ɗakinsu yana hawa na uku, da 'yar baranda mai kallon arewa inda ake shanya da jibge kwalayen kago. Rabiou ya yi faɗa da mutum biyar a rana ɗaya har ya kwashe barandar. Ya tuna yadda uwarsa ke sanyaya ruwa a randa, ya sayo manyan tukwanen ƙasa marasa fenti, ya zura kowace tukunyar fure a cikin ɗaya, ya cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya lulluɓe da buhun algarara. Ya kafa katako ya kare su daga hucin esi, na'urar sanyaya ɗakin. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar, wanda kowa ke bari ya zuba a kan masu wucewa, shi ya riƙa tarawa a galan saboda ba shi da gishiri. Kullum kafin motar aiki ta zo ya jera ƙanƙara a kan yashin, in ya dawo ya sake. Rabin firjin ɗaki ya cinye da robobinsa, aka yi ta rigima a kai har aka gaji aka bar shi.

Zuwa Yuli ganyen ya bushe ƙurmus, kamar yadda ya san zai yi. Ya datse karan ya bar ɗan guntu. Abin da ido ke gani tukwane uku ne da 'yan tsinke. Ɗantani ya samu abin yi. "Jama'a ku zo ku ga ikon Allah, Badamagare yana ba tsintsiya ƙanƙara! Malam, in ta haihu a ba ni ɗa ɗaya." Rabiou ya ce duk wanda ya taɓa tukwanen nan, ko da gefen riga ne, ta barandar zai sauka, kuma babu wanda ya ɗauka wasa yake. Sau ɗaya a mako yakan tona gefe da ɗan yatsa a hankali, ya taɓa saiwar, ya ji ta da tauri da danshi, ya mayar da ƙasa.

Saura mako uku Madam ta dawo sai ga Alhaji Shu'aibu a Dubai. Yanar ido ce ta kama shi, babban ɗansa mai fatauci ya kawo shi a yi masa aiki. An yi aikin lafiya, ɗan ya ce zai leƙa Sin ya yi sari na kwana takwas, tsoho kuwa ya ce shi ba zai zauna shi kaɗai a otal kamar ɗan kurkuku ba alhali yana da ɗa a garin. Sai aka kawo shi Hor Al Anz. 'Yan ɗaki suka yi karamci, aka ba shi gadon Ɗantani na ƙasa, Rabiou kuwa ya ɗauki tabarmarsa ya koma ɗakin maƙwabta, don ba a kwana ɗaki ɗaya da suruki.

Wanda bai ga Rabiou a gaban surukinsa ba bai san shi ba. Mutumin da ake jin muryarsa daga hawa na uku har bakin titi, sai ga shi yana cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa, ido a ƙasa, "Baba an tashi lafiya? Ya ƙarfin ido?" Shi ke nan maganar. Ba ya ci a gabansa, ba ya sha, ba ya zama in ba a ce ya zauna ba. Barandar ma sai tsoho ya shiga wanka ko ya tafi masallaci yake lallaɓawa ya sa ƙanƙara. Ya yi niyyar yi masa bayanin tukwanen, sau biyu yana buɗe baki. To amma da wane baki zai gaya wa mutumin da ke cika rumbu goma sha biyu cewa zuwan 'yarsa yana rataye a kan fure, furen ma na wata Baturiya, wanda ba a ci ba a sha? Ya ce a ransa kwana takwas ne, za su wuce.

Tsoho kuwa zama ya ishe shi. Damina ce a gida, gero yana fitar da kai, shi an kawo shi an ajiye a akwatin siminti. Ga sabon ido da aka wanke masa tas, yana neman abin kallo. Rana ta huɗu ya tura ƙofar baranda ya ga tukwane. Ya tambayi Ɗantani mene ne wannan. Ɗantani, Allah ya shirye shi, bakinsa ba ya iya wuce tsokana ko a gaban manya. "Ai gonar surukinka ce, Baba. Wata uku ke nan yana ba ta ruwa, har da ƙanƙara." Ya ƙyalƙyale da dariya ya ɗauki jakarsa ya tafi Al Buteen. Alhaji Shu'aibu bai yi dariya ba. Tausayi ne ya kama shi, da kunya. Ashe yaron nan da aka ce ya karanta noma a makaranta bai san mataccen kara ba in ya gani, har abokan zamansa suna mayar da shi abin wasa? Mijin 'yarsa ne, dole ya rufa masa asiri.

Washegari Alhamis ce, rabin yini ake yi. Rabiou ya dawo da azahar da ledar ƙanƙara a hannu, ya cire takalmi, ya durƙusa. Tsoho yana zaune a bakin gado, fuskarsa cike da fara'a, hannayen rigarsa a naɗe, da ƙasa a ƙarƙashin faratansa.

"Malam Rabiou, tashi ka leƙa gonarka."

Ya tashi ya leƙa. An share barandar ƙal. An cire buhunan an ninke. Tukwanen uku suna jere, an kafce ƙasarsu an baje, an yi mata 'yan ramuka a tsare, an yayyafa ruwa. Aikin gwani, babu ko tsinke ɗaya.

"Abin nan ya daɗe da mutuwa, ɗana," in ji tsohon daga bayansa, da murya ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji. "Ba laifinka ba ne, ƙasar mutane ce. Na tumɓuke shi har gindi, saiwar ma ta cinye tukunyar, sai da na sa wuƙa. Cikin tsarabar da Hannatou ta aiko maka akwai irin yakuwa, shi na zuba maka. Yakuwa ba ta tsoron rana. Nan da kwana arba'in kuna miya."

Abin da ya taso wa Rabiou daga ciki, da a kan wani ne, da ranar 'yan sanda sun zo gidan. Jijiyar wuyansa ta miƙe, ledar ƙanƙara tana ɗiga a kan ƙafarsa bai ji ba. Duk zagin da ya iya da Hausa da Faransanci da ɗan Larabcin titi ya taho har maƙogwaro ya tsaya cak. Uban Hannatou ne. Ko hannu ya sare masa ba zai ɗaga ido ya dube shi ba, balle murya. Ya juyo ya durƙusa, ya kafa ido a kan tabarma.

"An gode, Baba. Allah ya ƙara girma." Sannan ya tambaya, "Saiwar, ina aka zuba ta?"

"Na ba mai shara tun da hantsi. Kada ka damu da ita."

Ya fita a hankali, ya ja ƙofa a hankali. Daga nan kuwa bai san yadda ya sauka hawa uku ba, ba takalmi. Kwandon sharar unguwar na ƙarfe ne, babba, yana tsaye a rana tun safe, ranar nan ta Dubai da ba ta da imani. Ya ɗaga murfin ya ƙone hannu, ya faɗa ciki har ƙugu, yana watsi da ledoji, ruɓaɓɓiyar shinkafa da ƙashin kifi suna zubo masa. Wani mai shago ɗan Indiya ya fito yana "habibi, shwaiya, shwaiya," wai aboki a yi a hankali, Rabiou ya daka masa tsawar da ta mayar da shi cikin shagonsa. Can ƙasa ya same su, manne da ƙarfe, an daddatsa su gunduwa-gunduwa. Sun yi laushi, sun dahu. Ya ɗauki gindi ɗaya ya share ƙasar da babban yatsa, sai ga idanun toho, farare, biyar ko shida, kowanne kamar ƙwayar shinkafa, sun shirya fitowa. Da ransu aka cire su. Ashe ya yi, ya ƙetare da su zafin Dubai, abin da littafi ma bai ce zai yiwu ba, saura kwana goma sha shida kawai.

A nan Ɗantani ya iske shi, zaune a gefen kwandon shara da saiwa a cinya. Ya buɗe baki zai yi tsokana, ya ga fuskar, ya rufe. Da ya ji abin da ya faru sai ya dafe kai yana salati. Rabiou ya tashi ya cakumi wuyan rigarsa ya haɗa shi da bango, duk abin da bai iya faɗa a sama ba ya sauke masa. "Bakinka! Bakin nan naka na tsiya! Kai ba ka san inda wasa yake tsayawa ba? Gona? Ƙanƙara? Ka kashe ni, Ɗantani, ka kashe mini aure kana dariya!" Mutane suka taru aka ɓamɓare su. Ɗantani bai rama ba. Ya ce bari ya hau ya gaya wa Baba gaskiya. Rabiou ya sake riƙo shi, wannan karon a hannu. "In ka faɗa masa, ni da kai har abada. Tsoho ya yi abin alheri. So kake ya koma gida da sanin shi ne ya toshe wa 'yarsa hanya?"

Duk da haka ya gwada. Ya wanke guntayen ya binne su a jiƙaƙƙen yashi a ɗakin maƙwabta, kwana biyu suka yi baƙi suka fara wari. Ya zagaye wuraren sayar da shuke-shuke har Sharja, babu wanda ya taɓa jin sunan abin. Ko da ya samu ma ba na lambun uwar Madam ba ne, kuma shi ba zai kai mata ƙarya a tukunya ba. Yakuwa kuwa, don ta ƙara masa takaici, kwana uku ta tsiro kore shar, tsoho ya gan ta da sabon idonsa kafin ya hau jirgi.

Ranar da Madam ta dawo ya je hannu rabbana. Ta fito da murna, ta dubi hannunsa, ta leƙa bayansa ko tasi na tsaye. Ya ce mata sun mutu. Ta tambayi yadda aka yi. Da ya ce surukinsa ne ya cire su bisa kuskure, wataƙila da ta fahimta, wataƙila ma da ta yi masa uzuri. Amma ya ɗauki uban matarsa ya ajiye a gaban baƙuwa a matsayin maɓarnaci? Bai iya ba. Ya ce, "A hannuna suka mutu, Madam." Ta ce to ina tukwanen, ina saiwar, ai irin wannan shuka takan yi kamar ta mutu, shi da kansa ya sani. Ya ce an zubar. Nan fuskarta ta canza. Ta ce ba mutuwar ce ta ƙona mata rai ba, zubarwar ce. Mai lambun da zai zubar da saiwa don ya ga kara ya bushe bai san aikinsa ba, da ma baki ne kawai. Wannan maganar ta fi komai yi masa ciwo, don ita ce daidai abin da shi zai faɗa wa wani. Ya tsaya ya shanye. Mako na gaba kamfani ya tura wani lebura gidan, shi aka mayar da shi titi.

A watan Nuwamba yana tsugune a wani shataletale kusa da Al Muraqqabat yana jera furen haya, salularsa ta yi ƙara. Alhaji Shu'aibu ne da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Rabiou ya ajiye cebur ya gyara durƙuso a tsakiyar titi, motoci suna wucewa. Bayan gaisuwa tsoho ya tambayi yakuwa. Ya ce ta yi kyau, har an sha miya sau uku. Tsoho ya yi dariyar jin daɗi, sannan ya gyara murya. Ya ce ya ga zaman da idonsa, mutum shida a ɗaki, babu inda za a sa mace, kuma maganar gidan Baturiya da Hannatou ke ta jira ya ji shiru. Mace ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu a liƙe. Ko dai ya dawo gida bayan Babbar Salla, ko ya sawwaƙe wa yarinya. "Garka tana nan, akwai wurinka a ciki. Abin da makaranta ba ta koya maka ba, ni zan koya maka."

"Na ji, Baba," in ji Rabiou. Da ya kashe wayar ya ɗauki tiren furanni guda ya maka da ƙasa. Mai tumbi ya fito daga inuwa yana ihu, Rabiou ya miƙe tsaye ya ba shi amsar shekara uku da rabi a minti biyar, da harshe uku, ya cire koriyar rigar ya jefa masa. Khalas ɗin ranar daga bakin Rabiou ya fito.

Ya koma Mirya a farkon 2007. Tukwanen ya bar wa Ɗantani, wanda ya raka shi har filin jirgi bai yi tsokana ko ɗaya ba. Hannatou kaɗai ya gaya wa gaskiya. Ta ce, "Ka rufa mini asiri, kada Baba ya ji." Baba bai ji ba. Rabiou ya kama aiki a garkar surukinsa, albasarsa ta fi ta kowa, zafin ransa yana nan, awakin unguwa sun shaida. Alhaji Shu'aibu kuwa, tun da yaro ya dawo hannu, abin kunyar Dubai ya zame masa labarin da ya fi so a duniya. Ba ɗaurin aure ba, ba suna ba, in dai an zauna sai ya ba da shi: yadda ya je har ƙasar Larabawa ya iske mai takardar noma yana ba busasshen kara ƙanƙara wata uku, ya tumɓuke ya shuka masa yakuwa, kwana uku ta tsiro. Jama'a su yi ta dariya har da hawaye. In ya gama sai ya waiwayo inda surukinsa yake durƙushe a gefen tabarma.

"Ko ba haka aka yi ba, Malam Rabiou?"

Jijiyar wuyan nan ta miƙe, kowa yana ganinta. Idonsa a ƙasa.

"Haka aka yi, Baba."